Baƙin Sa Daga Bawku

Duk sa'ad da na ji ana kirɓa sakwara, sai bikin sunan ƙanena a gidanmu na Salaga ya faɗo mini a rai.

Saura kwana uku suna, wani direba mutumin Yendi ya tsaya a ƙofar gida, ya same ni ina shara. Hausarsa ta tasha ce, ba ya ja, ba ya lanƙwasawa. Ya ce, "Gaya ma tsohuwa, baffa na Bawku zai aiko bakin sa jibi."

Na ruga ciki ina tsalle. "Baffa zai aiko baƙinsa!"

Kakata jikar fataken goro ce, kunnenta ba ya barin kalma ta wuce. Ta ce, "Ke, tsaya. Baƙi masu shimfiɗa, ko baƙi irin na gawayi? Maimaita in ji." Na ja kalmar yadda raina ke so, don mutanen Bawku ba sa zuwa babu tsaraba.

Ranar da ake sa ran isowarsu, sai gida ya kacame. Aka share ɗakin zaure, aka aro tabarmi, goggo ta yanka zabi huɗu. Doyar da aka tanada don suna, rabi ya tafi turmi. Inna na jego a ɗaki tana tambayar abin da za a ba jama'a gobe.

Da la'asar mota ta iso. Mun jeru da kwalliya, Kaka na gaba. Aka buɗe baya, sai ga ƙaton sa baƙi wuluk yana huci. Gudummawar baffa ke nan! Kaka ta dube ni, ta dubi san, ta ce, "Maraba da baƙo. Ga ɗaki can an share." Dariya ta ɓarke, har goggo ta zauna a ƙasa.

Na ɓuya bayan rumbu. Kaka ta jawo ni, ba duka, ta sa na yi ta faɗin baƙi na launi, baƙi na hanya, da baki na cin tuwo, har harshena ya rarrabe su. Sakwara kuwa maƙwabta suka cinye, nama ya rufa asirin suna.

Yau 'ya'yana, kalmomin nan duk ukun iri ɗaya suke faɗinsu. In na gyara, sai su ce, "Mama, ai ka gane."

In ce, "Kin gane ake cewa!" Mu koma farko.