Ƙarfen da Kakata Ta Gani

Ina kwance a tsakar gida ƙarƙashin ƙarfen da nake ɗagawa, gwangwanin siminti a kowane gefe, ina ta nishi, sai na ji salati a kaina. Kakata ce, ta zo cin kasuwar Filingué.

"Wa ya aza maka wanga kaya?"

Na ce, "Ba kowa, Kaka. Motsa jiki na fara."

Ta ce, "Ubana, gardawan Nasara sunka aza mishi kaya da bulala har Yamai. Wuyanai bai sake miƙewa ba har ya rasu. Kai wa ka korar ka?"

Wallahi ban taɓa jin labarin nan ba.

Tun ranar ƙarfen na nan jingine. Jama'a, me zan ce mata?