Farin Ƙunshin Kawu Sale

Wata Laraba da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, ina sussukar gero a ƙofar gidanmu a Kangire, sai ga motar Kawu Sale, ƙanen Inna mai koyarwa a jami'a. Shi da direba suka sauko da wani abu dogo, fari fat, kamar gawar yaro cikin likkafani, suka kai shi soro suka kulle. Taɓarya ta suɓuce mini.

Ni dama farar kura ce, ko kukan jaki razana ni yake yi. Kawu ya ce kan wata dabbar teku ne mai kama da kada, ta daɗe da ƙarewa har ƙashinta ya zama dutse. A ƙasar Sakkwato ya haƙo shi, ya lulluɓe shi da filastar ɗorin karaya don kada ya farfashe, kuma ya biyo ne kawai ya gaida mu. Teku a Sakkwato! Ni kaina ban yarda ba, na koma zagayawa ta bayan rumbu don kada in bi ta soron. A bakin rijiya mata suka daina amsa gaisuwar Inna, a makaranta aka kore ni daga gaɗa. Kafin kasuwar Gwaram ta ci, magana ta zama Kawu yankan kai yake yi, da haka ya sayi mota.

Da hantsin Asabar samari suka cika ƙofar gida da gorori. Ina maƙale da zanen Inna. Mai unguwa ya ce, "Malam Sale, gani ya kori ji. Buɗe mana." Kawu ya roƙe shi, ya ce da tsinke da buroshi ake buɗe irin wannan, a hankali, kuma shekaru ya yi yana nemansa. Wani ya jefi motar da dutse. Kawu ya dubi Inna, sannan ya ɗauki gatari da kansa.

Abin ya wargaje, haƙora kamar babban yatsa suka zube a ƙasa. Wani tsoho ya ce, "Ashe dutse ne." Aka watse, ba wanda ya ba Kawu haƙuri. Ya durƙusa yana tsince ɓarɓashin cikin faifaina.

Yau Kawu farfesa ne mai ritaya, 'ya'yana kuma suna kallon irin dabbobin nan a waya suna dariya. Da na tambaye shi, ya ce har ya ajiye aiki bai sake samun cikakken kan dabbar irin wancan ba. Da shi ya fanshe mu.