Injin da Sakata Ya Liƙe

Sakata ake ce masa a layin masu walda, don ko guduma ka ara a wurinsa, idonsa na kanka har ka dawo da ita. Mutumin nan bai yarda da kowa ba. Tun yana saurayi wani abokin aikinsa ya kwaikwayi ƙirar murhunsa ya cika kasuwa da shi, daga ranar ya rufe cikinsa ruf. Sai dai fa hannunsa akwai albarka. Shekaru ya yi yana ƙera injin ɓare gyaɗa a bayan rumfa, kullum a lulluɓe da buhu.

Ana nan sai mai filin da rumfarsa take ya ce a tashi, gini zai yi. 'Yar Sakata, malamar firamare, ta zo masa da labarin wata cibiya da aka buɗe don tallafa wa masu ƙirƙira. Wanda injinsa ya burge su, za su ba shi shago har da wutar lantarki.

"Haka kawai?" in ji Sakata. "Yaran nan masu kwamfuta? Su ɗau hoton cikinsa, gobe ki gan shi da sunan wani."

"Baba, ko ka je, ko ka koma walda a gindin bishiya."

Ya yarda zai je, amma sai da ya yi abin da ya iya. Ya samo fallayen ƙarfe ya rufe injin ta ko'ina, ya bi da walda ya liƙe, ko noti ɗaya na kwancewa bai bari ba.

Ɗakin cibiyar sanyi ƙalau, kujeru kala-kala, kowa sai murmushi yake masa, abin da ya ƙara tsorata shi ke nan. Aka zuba gyaɗa, ya kunna. Injin ya ɗauka gwanin daɗi, sai ji kake ƙas, bel ya zame daga ciki.

Shugabar wurin ta ce, "Ba komai, Baba, buɗe ka gyara, muna jira."

Ya buɗe ta ina? Ya zagaya injin yana shafa waldarsa, aiki mai kyau wallahi, ba inda allura za ta shiga. Suka jira har suka gaji, aka kira na gaba.

A hanyar komawa yana tura injin a amalanke, 'yarsa na biye, idonta jawur. Tausayinta ya kama shi.

"Ai dai ba wanda ya ga cikinsa," in ji shi.

"Haka ne, Baba," ta ce. "To yanzu a ina za mu ajiye shi?"