Ranar da Gwaggo Ta Share Mini Ɗaki

Ni mai aiki a ƙasa ne. Ba ni da tebur, ban kuma taɓa sha'awarsa ba. A ɗaki da falon da nake haya a Kubwa, siminti ne teburina. In shimfiɗa takarda mai faɗin sallaya, in durƙusa a kanta da alƙalami da tawada da 'yan launuka, in na gama in bar ta nan ta sha iska, ni kuma in riƙa tsallake ta in zan wuce.

Shekara uku na yi a kan aiki ɗaya. Mahaifina mai zanen riga ne a Zariya, shi yake zana wa masu ɗinki aska takwas a wuyan riga kafin su sa allura. Mutum ne mai magana yana aiki, kansa a sunkuye. Bayan rasuwarsa maganganun nan suka riƙa dawo mini ɗaya-ɗaya, wata a mota, wata ina cikin alwala. Duk wadda ta zo sai in rubuta ta kai tsaye a babbar takarda da ajami, don shi ne rubutun da ya sani, in kewaye ta da irin zanensa da hoton hannuwansa. Ba na ajiye kwafi, ba na kuma ɗaukar hoton aiki a waya sai ranar da za a sa masa gilashi. Wauta ce, amma a lokacin ina kiranta ƙa'ida.

Takarda ashirin da shida suka taru. Wata Madam mai gidan nuna zane a cikin gari ta gan su, ta ba ni rana. Ina neman shekara arba'in, kuma wannan ne karo na farko da wani ya ba ni bango. Littattafaina biyu da na buga suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, gara ce kaɗai ta karanta su da zuciya ɗaya.

Saura kwana goma a nuna aikin Gwaggo ta zo. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni, ta zo ne a cire mata yanar ido. Tun daga bakin ƙofa ta fara faɗa: tuzuru, ɗaki kamar na mahaukaci, ko tsintsiya babu. Na yi dariya, na bar mata gado, na koma falo wajen takarduna.

Ina koyar da zane a wata makaranta a Lugbe, sai in fita bayan asuba, in dawo daf da magariba in hanya ta yi kyau. Ran nan ina shigowa tsakar gida na ji ƙaurin takarda. Ban kawo komai a raina ba, maƙwabta ma suna ƙona shara. Da na tura ƙofa sai na ga siminti, fes, daga bango zuwa bango. Rabona da ganinsa haka tun ranar da na tare.

Gwaggo tana zaune a tabarma da carbi, fuskarta cike da fara'a.

"Gwaggo, ina takardun da ke nan?"

"Na raba ka da su, ɗan nan. Sunan Allah a ƙasa, kana tsallake shi safe da yamma? Har da hannun mutum a zane a jikinsa! Ni idona bai mutu duka ba."

"Kin kai su ina?"

"Na ƙona su a kurfoti, ɗaya bayan ɗaya, kowace da bisimilla. Ga tokar can a kwano, na rufe. Ka nemi inda ba a takawa ka binne."

Gwaggo ba ta karatu, amma ta san siffar baƙaƙen. Haka aka tarbiyyantar da mu duka: ka ga takarda mai rubutun Arabiyya a ƙasa, ka ɗauke, ka soke ta a tsagar bango ko ka ƙona. Ni ma na yi hakan sau ba adadi ina yaro. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta yi ƙarya ba. Mahaifina ba ya jera magana uku bai ambaci Allah ba, don haka sunan yana nan a kusan kowace takarda, kuma na tsallake shi.

Na so in yi ihu. Na so in ce mata ɗan'uwanta ta ƙona, wanda take kuka duk sanda aka ambace shi. Amma ta ina zan fara? Tsohuwa ta yini a durƙushe gaban wuta, hayaƙi yana shiga idon da za a yi wa aiki jibi, don ta tsame ni daga zunubi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu da aiki, Gwaggo." Ta ce, "Yauwa, Allah ya yi maka albarka." Har yau ban yafe wa bakina wannan gaisuwar ba.

Washegari na je na gaya wa Madam an ƙona takardun, babu sauran abin nunawa. Ta dafe ƙirji, sannan na ga idonta ya yi haske kamar ta tsinci dami a kala, ta ce da gurguwar Hausarta:

"Oga, tokan yana nan? Kar ka zubar da shi! Shi ne labarin. Kawo shi, mutane za su so shi sosai."

Da ina da zuciya da na tashi na tafi. Amma na daɗe ina jiran bangon nan, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. Na kai mata kwanon.

Aka juye tokar a akwatin gilashi, aka ɗora a tsakiyar ɗaki, aka haska ta da fitila, bangaye huɗu kuma babu komai. Manyan mutane suka zo da turarensu, suna zagaya ta suna gyaɗa kai. Wani mai babbar riga ya riƙe hannuna ya tambaye ni inda na samo ƙarfin halin ƙona aikina da kaina. Na yi murmushi ban gyara masa ba. An tafa mini a ranar fiye da duk tafin da na taɓa samu a rayuwata, kuma aikin yini ɗaya na Gwaggo ake tafa wa. Nawa na shekara uku, ban da ni da Madam babu wanda ya gan shi da ido biyu lafiyayyu.

Bayan Gwaggo ta koma Zariya na sayo sababbin takardu, na ce ai maganganun suna kaina. Bakwai suka dawo daidai yadda ya faɗe su. Ina tsakiyar ta takwas, layi yana tafiya sumul, sai na tsaya na karanta. Magana ce mai daɗi, ta fi nasa tsari ma, amma mahaifina bai taɓa faɗin ta ba. Ni ne nake sa masa ita a baki, kuma babu sauran inda zan duba in ji yadda shi ya ce.