Dillalin Da Ya Ɗauka Ba Na Jin Hausa

Ko tsufa zai share min komai a ka, ba zan manta ranar da na ƙi sa hannu a takardar bindigogin nan ba.

Lokacin ina aiki a wani ofishin gwamnati a Abuja. An shirya sayar wa wata ƙasa maƙwabciya tsofaffin bindigogin da sojojinmu suka daina amfani da su. Nawa aikin ƙarami ne: in duba lambar kowane akwati, in sa hannu cewa hannun sojojin ƙasar za su tafi.

Wani dillali ne ya zo a madadinsu, da babbar riga, sai ƙamshin turare yake. Da ya ji sunana na Kirista, ya ga ina ta zuba Turanci, sai ya ɗauka ba na jin Hausa. Ni kuwa 'yar Orozo ce, tun ina goye uwata ke cinikin doya da Hausa. Yana zaune gaban teburina ya ɗaga waya, hankalinsa kwance, ya ce, "Akwati shida za a sauke a daji kafin iyaka. Ku zo da babura."

Na san masu jiran kaya a daji da babura. Irinsu suka kori ƙanwar uwata daga ƙauyensu, har yau tana raɓe a ɗaki ɗaya a Dutse Alhaji.

Na ajiye biro, na ce da Hausa, "Alhaji, wane dajin?"

Ya yi wuri-wuri da ido. "Haba 'yata, ashe kina ji? Ai maganar taki nake."

"Taki a akwatin ƙarfe?"

Ogana ya kira ni ofis, ya ce, "Madam, manya na jira. Ki sa hannu kawai." Na ce, "Oga, ka yi haƙuri, ba zan sa ba." Tsoro kam na ji shi, don aikin nan kaɗai ke riƙe da 'ya'yana. Duk da haka na rubuta abin da kunnena ya ji, na kai sama da ƙafata.

Ba a fasa cinikin ba, amma an cire dillalin, sojoji suka raka kayan har iyaka suka miƙa su cif. Ni kuma aka tura ni ɗakin tsofaffin fayil, na shekara huɗu ina atishawa. Ban yi nadama ko ta minti ɗaya ba.

Tun ranar na koyi cewa kafin in sa hannu a takarda, sai na tambayi kaina a ƙofar wa abin zai sauka. Waɗancan akwatuna shida, a ƙofar wata kamar ƙanwar uwata za su sauka.