Kunnen Saratu

A unguwar Muchia da ke Sabon Gari, bayan wani gida mai tsohon rufin kwano, akwai tanderun laka mai siffar ƙaramin rumbu. Mai shi, Baba Othniel Shekari, ya haura shekara saba'in, kuma kusan duk rayuwarsa sana'a guda ya riƙe: gasa burodi irin na mutanen Italiya, mai ɓawo mai tauri da ciki mai ramuka, wanda ba a sa masa sukari ko bota.

Yana saurayi ya baro ƙauyensu na kudancin Kaduna, ya sami aikin wanke-wanke a sansanin wasu Italiyawa masu shimfiɗa kwalta a wajen Shika. Kukun sansanin wani dattijo ne daga cikin Italiyawan, mai saurin fushi. Bai iya Hausa ba, Othniel kuma bai iya yarensa ba, saboda haka da hannu aka yi karatun gasa burodin. Fulawa, ruwa, gishiri da ɗan yis kaɗan. A kwaɓa da ruwa-ruwa, a bar kwaɓin ya kwana, a naɗe shi a hankali don kada iskar cikinsa ta fita, a tsaga bayansa da reza, a yayyafa ruwa a tanderu ya yi tururi. Darasin ƙarshe shi ne babba. Idan an ciro burodi, sai a kife shi a tafin hannu, a ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa. In ya amsa kamar ƙwaryar da aka kife, ya gasu. In ya yi dum kamar jiƙaƙƙen bango, da saura. Ido ba abin dogaro ba ne a nan, domin wutar itace takan gasa waje ta bar ciki ɗanye.

Da Italiyawan suka gama hanyarsu suka tafi, Othniel ya koma aikin kuku a Samaru. A can ya auri Saratu, mai ɗinki, suka haifi 'ya ɗaya, Happiness. Da suka sami gidan Muchia, tanderun ya fara ginawa kafin ya sa wa ɗaki ƙofa.

Mutanen Sabon Gari ba su taɓa yarda da burodinsa ba. Sun saba da mai laushi, mai zaƙi, wanda ake matsewa a hannu ya koma dunƙule. Nasa kuwa "burodin jifa" suke kiransa. Masu sayensa malaman jami'a ne da suka yi karatu a waje, waɗanda kan zo ran Asabar su tsaya a tsakar gida suna shaƙar ƙamshi. Ita kanta Saratu, ranar da ta fara ɗanɗanawa, sai ta kama haɓa.

"Baban Happiness, ni ka aura ko kura? Da waɗanne haƙora zan ci wannan?"

"Ki jiƙa a shayi, ki ba shi lokaci," in ji shi.

Ta jiƙa, ta ci, ta ce ba laifi. Tun daga ranar, yankan farko na bakin burodi, inda ɓawon ya fi tauri, ya zama nata. Ko baƙo aka yi, ba a ba shi wannan.

Kurumta ta zo masa a hankali. Ya fara daina jin kukan tsuntsaye, sannan ƙararrawar coci, har wata Asabar ya ciro burodi, ya kife shi, ya ƙwanƙwasa, bai ji komai ba. Ya sake bugawa da ƙarfi. Shiru. Ya tsaya riƙe da shi, zafinsa na cin tafinsa. Saratu na zaune a kujerarta 'yar tsugunne a bakin kicin, tana tsince wake. Ta ɗago, ta yi masa alama ya sake bugawa. Ya buga, ta karkata kai, ta gyaɗa. Aka yanka, ya gasu sarai.

Haka suka ci gaba shekara da shekaru. Shi ya buga, ya ɗaga ido. Ita ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Ba ta taɓa kuskure ba. Yakan gaya wa masu saye cewa hannu nasa ne, kunne na Saratu.

Da daminar bara Saratu ta kwanta ciwo, kuma ba ta tashi ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Happiness, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta durƙusa gabansa, ta kai bakinta kusa da kunnensa.

"Baba, ka haɗa kayanka mu tafi. Akwai ɗaki a wurina."

"In bar wa wa tanderun?"

"Wa zai saurara maka yanzu? Za ka zauna kai kaɗai kana fama da wuta, burodin ma ba ka san ya gasu ba."

Ya dubi tanderun. Sannan ya ce za a yi wa mahaifiyarta addu'ar tunawa a coci ƙarshen wata, kuma shi zai gasa burodin da za a raba. In ya fito daidai, a bar shi a gidansa. In bai fito ba, ta turo mota, ba zai yi gardama ba.

Maƙwabciyarsu ta bayan katanga ita ce Nwamaka, wadda ake kira Maman Somto, mai sayar da fulawa a kasuwar Sabon Gari, aminiyar Saratu tun suna amare. Ita ya roƙa ta zo ta saurara masa a gwajin da zai yi kafin ranar. Ta zo da hantsi, ta tsaya daga gefe, ba ta zauna a kujerar marigayiyar ba.

"Baba, ni fa fulawa na sani a buhu. Wannan kiɗan naku ban iya ba."

"Ki dai saurara, Maman Somto. In ya yi kamar ƙwarya, ki gyaɗa."

Ya ciro na farko, ya kife, ya buga. Ya sake bugawa, ya kuma sakewa, ya ɗaga ido. Nwamaka ta ga yadda yake kallonta, sai tausayi ya kama ta, ta gyaɗa kai. Da ya huce aka sa wuƙa, cikin ya manne mata, ɗanye kamar tuwon da bai nuna ba.

Baba Othniel ya ajiye wuƙar. Bai yi faɗa ba. Ya ce ta kira Happiness a waya ta turo motar, sannan ya ɗauki shebur ya soma kwashe garwashin tanderu.

Nwamaka ta sha gabansa, ta riƙe shebur ɗin, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Baba, tsaya! Maman Happiness ta ce kada in faɗa, amma ita ta tafi ta bar ni da kai. Ka san ita ma kunnenta ya mutu?"

Ya dube ta kamar bai gane ba.

"Ya daɗe! A kasuwa sai na yi mata ihu kamar kwandastan mota. Kai ba ka lura ba, tunda da hannu kuke hira a gidan nan. Da farko tana ji, gaskiya ne. Daga baya ba ta jin komai."

"To, me take gyaɗa wa kai?"

"Hannunka! Ta ce in ya gasu, da ka buga sai ka shafa shi da babban yatsa, kamar mai shafa kan jariri. In bai gasu ba, sai ka yi ta bugu kana ɓata fuska, kamar yadda ka yi ɗazu. Ni ce sakarya, na gani na gyaɗa. Ta ce, 'Yatsunsa sun sani, shi ne bai sani ba. Ki bar shi, yana son ya ɗago ya gan ni.'"

Tsohon ya saki shebur. Ya lallaɓa ya zauna a bakin tanderu, ya buɗe tafin hannunsa yana dubawa. Nwamaka ta ja gefen zaninta ta rufe fuska, ta fita.

Ran Asabar ɗin da za a yi addu'ar, ya hura wuta shi kaɗai. Ya naɗe kwaɓin, ya tsaga, ya yayyafa ruwa, ya rufe. Da lokaci ya yi ya ciro guda, ya kife, ya buga. Wani ɗan motsi ya ratsa ɓawon ya shiga tafinsa, kuma kafin ya yi tunani, babban yatsansa ya riga ya shafa. Ya ɗaga ido wajen ƙofar kicin. Kujerar na nan inda take.

An raba burodin a harabar coci bayan addu'a. Tsofaffin mata suka yi ta ƙorafin haƙora, suna ci. Happiness ta karya nata, ta duba cikinsa, ta dubi mahaifinta, ta juya baya tana share ido. Ba ta ƙara ta da maganar mota ba.

Har yau Baba Othniel na gasa burodi a Muchia duk Asabar, ko da yake masu saye sun ragu. Burodinsa bai sake fita ɗanye ba. Amma duk wanda ya ciro, in ya buga ya shafa, sai ya ɗago ya ɗan jira yana kallon bakin kicin, sannan ya ajiye. Yankan farko kuwa yakan sa shi a ƙaramin faranti a kan kujerar, ya wuni a wurin. Da la'asar kajin Nwamaka kan tsallako katanga su cinye, shi kuma ba ya korarsu.