Tafiyata Dapaong koyon RSS

Ranar da Direkta ya tura ni Dapaong ba ta taɓa fita daga raina ba. A lokacin ni ke karanta labaran Hausa a wani ƙaramin gidan rediyo a Sokodé ta ƙasar Togo, kuma na daɗe a kan kujerar. Muna da reshe a Dapaong. Kowace safiya ana haɗa mu ta waya, ni in karanta nawa, Malama Rakiya ta can ta karanta nata.

Ga yadda nake tattara labari. In na idar da sallar asuba sai in shiga ofis, in riƙa buɗe shafukan intanet ɗaya bayan ɗaya, na ma'aikatu da na jaridu, ina duba ko an saka sabon abu. Layin intanet ɗinmu ba shi da ƙarfi, kafin in zagaye su lokaci ya ƙure. Ita kuwa Rakiya kullum da sabon labari a bakinta.

Wata safiya, bayan na gama nawa, sai ta sanar cewa an matso da ranar rigakafin maniyyata aikin Hajji. Ni ban ga sanarwar ba. Da yamma na je unguwar Zango sayen nama, Kawu Alasan, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ma maniyyaci ne, ya tare ni a gaban mahauta.

"Isiyaku, ba don yarinyar nan ta Dapaong ba, da allurar ta wuce ni. Kai ina kake?"

Na yi dariya tare da su, amma naman ranar bai yi mini daɗi ba.  Daga nan har na fara raya wa kaina cewa Rakiya tana da wani a ma'aikatar lafiya da ke tsegunta mata.

Direkta ya kira ni ya ce, "Malam Isiyaku, ka shirya ka je wurin Rakiya ka ga yadda take yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na koya mata riƙe makirfo."

Ya ce, "Na sani. Ka je."

A Dapaong ta tarbe ni da fura, tana ce mini Yaya. Ta buɗe wata manhaja a kwamfutarta. Ta ce yawancin shafuka suna da abin da ake kira RSS. In ka saka adireshinsa a manhajar, duk sabon abin da shafin ya wallafa zai zo maka da kansa, da kanun labarin da lokacin da aka saka shi, a jere wuri guda.

"Ba na bin su, Yaya. Su ke zuwa wurina."

Ba ta da kowa a ma'aikatar, ashe. Wannan ya fi yi mini ciwo, don ba sauran abin da zan zarge ta da shi.

Na koma Sokodé na saka manhajar, aikina ya yi sauƙi. Amma shirin safe na haɗin gwiwa ita aka ba jagorancinsa, kuma mahautan Zango har yau in sun ji labari sai su tambaya ko Rakiya ta faɗa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani mai sauraro ba ya tambayar wa ya daɗe a kujera. Muryar da ta fara gaya masa abin da ya shafe shi ita yake riƙewa, kuma da wuya ya sake ta.